Datti Ubale, Marigayin da Ke Danau Kota

A unguwar Danau Kota da ke Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, cikin dogayen benayen da ɗaliban Najeriya suka cika, akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba Abdulmajid. Siriri ne, ba gemu a fuskarsa, kullum da ƙyalle naɗe a wuyansa ko da ranar Kuala Lumpur tana neman narka kwalta. Ba ya magana. In ka gaishe shi sai ya dafa ƙirji, ya sunkuyar da kai, ya wuce. Ɗaliban sun san an yi masa aiki a maƙogwaro, sun san yana zaune wurin 'yarsa Surayya mai koyarwa a wata kwaleji. Iyakar abin da suka sani ke nan, ba su kuma nemi ƙari ba. Wanda ke fama da jarrabawa da sabunta biza, ina ya ga lokacin tonon asalin tsoho?

Abin da ba su sani ba shi ne, wannan tsoho shi ne Datti Ubale, mai sharhin siyasa a talabijin, wanda suke kallo a wayoyinsu suna rubuta masa "Allah ya jiƙan Malam" a ƙarƙashin bidiyo.

Abdulmajid ne sunansa na yanka. Sunan kakansa ya ci, shi ya sa ake sakaya shi da Datti. Mahaifinsa Ubale gyaran rediyo yake yi a bakin kasuwa, don haka yaron ya tashi a shagon da rediyoyi barkatai ke magana lokaci guda, wannan na yabon gwamnati, wancan na tsine mata. Kafin ya iya ɗaure wando ya iya kwaikwayon kowa. Sai ya hau benci ya yi jawabin mai mulki har masu jiran gyara su tafa, ya juya hula ya yi na ɗan hamayya su sake tafawa. Ubale kan girgiza kai ya ce bakin yaron nan ko dai ya ci da shi, ko ya cinye shi.

Ya yi koyarwa a sakandare shekaru masu yawa kafin wata rana baƙon da aka gayyata wani gidan talabijin ya ƙi zuwa, aka jawo shi don a cike gurbi. Kujerar da bai sake tashi daga kanta ba ke nan. Shirin Zauren Fayyace ya zama nasa, ranar da ake yinsa kuwa masu shayi sun san sai an ƙaro benci.

Yana da wata hanya tasa da ba wanda ya iya ta. Ba ya fara da sukar mutum. Sai ya ɗauki maganar wanda zai soka ya sa ta a bakinsa, ya faɗe ta da daɗi fiye da mai ita, ya ƙawata ta, har ka ji a ranka ka ce ai kuwa mutumin nan yana da gaskiya. Sai ka sakankance, sannan ya ɗaga hannu ya ƙwanƙwasa zoben azurfarsa a kan tebur, ƙwas, ƙwas, ya ce, "Ku tsaya, ban gama ba." Daga nan fa sai ya bi maganar nan ya warware ta zare-zare. Yara a unguwa har wasa suke da abin, su ɗaura murfin kwalba a yatsa suna buga ƙofa.

Mai shirya masa shirin, wani Yahuza, ya sha yi masa magana.

"Malam, ka riƙa rage rabin farkon nan. Wani fa zai tashi ya tafi masallaci kafin ka juya, ya tafi da abin da ba ka nufa ba."

"Wanda ba zai iya jira ba," in ji Datti, "ba da shi nake ba."

Yana da girman kai, ba a ɓoye wannan. Amma ba a taɓa sayensa ba, ko maƙiyansa sun shaida. An kai masa mota ya mayar, an kai masa barazana ya karanta ta a shiri yana gyara wa marubucinta kurakurai.

Muryar ce ta fara ba shi wuya bayan rasuwar matarsa. Aka ce mura ce. Ya sha zuma, ya tauna citta da kanumfari har ya gaji, abin sai gaba yake. Da likitoci suka ce ciwon daji ne, Surayya ta zo ta ɗauke shi ba tare da sanarwa ba, don shi ya ce kada kowa ya ji. A Kuala Lumpur aka cire masa maƙogwaron gaba ɗaya. Ya farka da rami a gindin wuya wanda ta nan yake numfashi, ya buɗe baki zai yi salati, ba abin da ya fito.

Yana kwance a asibiti labari ya bazu a gida cewa Datti Ubale ya rasu a ƙasar waje. Ƙaninsa ya je gidan rediyo ya ƙaryata, amma ƙaryatawar ba ta kai inda labarin ya kai ba. Shekara na zagayowa sai hotonsa ya sake fitowa da addu'a a ƙasa. Surayya ta so ta ɗauki bidiyonsa ta watsa a huta. Ya karɓi wayarta ya rubuta mata, "Ku bar su."

Dalilinsa biyu ne, ba kuwa mai kyau a cikinsu. Na farko, ya karanta abin da ake faɗa a kansa, ya ga har waɗanda suka zage shi da ransa suna kiransa gwarzo, abin ya yi masa daɗi. Na biyu, ya dubi madubi. Gashin ciwon da aka yi masa da na'ura a asibiti ya ƙone gemun, jikin ya zube, zoben ma sai da aka naɗa masa zare kafin ya zauna a yatsa. An ba shi wata na'ura mai kama da ƙaramar tocila, wadda in ya danna ta a ƙarƙashin haɓa yana motsa leɓe sai magana ta fito. Amma wace irin magana? Kamar ƙudan zuma a cikin gwangwani. Ya rantse a ransa mutanen da suka san waccan murya ba za su ji wannan ba. Da Surayya kaɗai yake amfani da ita, a cikin gida. In zai fita takan sa masa ita a aljihu saboda tsautsayi, ya fita da ita ya dawo da ita bai taɓa ta ba.

Haka ya zauna, muryarsa na yawo ba tare da shi ba. Ba inda ba ta tare shi. Zai shiga lif, sai ya ji kansa yana magana daga aljihun wani saurayi. Zai zauna a shagon mamak, wato na Indiyawan ƙasar masu sayar da shayi da abinci, yana kurɓar shayin da ba ya jin ƙamshinsa, don tun aikin hancinsa ya daina aiki, sai muryar ta tashi daga teburin baya, cikakkiya, mai kauri, ba ta tsufa ko kaɗan ba. Leɓunansa su riƙa bin maganar da kansu, don ba jimlar da ya manta. Wani lokaci yakan ji kamar mutumin cikin wayar shi ne na gaskiya, shi kuwa wani abu ne da aka manta ba a binne ba. Tsoro yake ji, tsoro na sosai, amma ba ya tashi sai bidiyon ya ƙare.

Duk Asabar yakan hau bas ya tafi kasuwar Chow Kit sayo wa Surayya kayan miya. A saman wani tsohon bene, in ka wuce masu kifi da masu kaji, akwai ɗan shagon Hajiya Umma, mai sayar da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Mace ce mai jiki, mai surutu, ta kuma samu abokin ciniki irin wanda take so, wanda ba ya katse ta. Garinsu ɗaya da shi. Kakanta ne ya taso daga Bida ya zauna can, ya gina gida, aka haifi ubanta, aka haife ta. A can gida ba ta san wani gari ba sai shi.

Ba ta da hira sai ta marigayi Datti Ubale.

"Baba, ka san shi kuwa? Kai, ka yi asara in ba ka kalle shi ba. Babanmu har jan kunne yake in mutum ya yi tari ana shirin. Ni fa duk Juma'a sai na yi masa sadaka, ko da ƙosai ne. Mutumin nan bai san ni ba, amma ya tsaya wa irinmu."

Shi kuwa sai ya gyaɗa kai, ya karɓi ledarsa da hannun da zoben yake. Ba ta taɓa duban zoben ba. Wa ke neman mamaci a hannun mai sayen daddawa? Yakan sauko daga benen da kunya da daɗi a cakuɗe, Asabar ta gaba kuma ya koma.

Da zaɓe ya matso a gida, wani tsohon shirinsa ya fito. Ya tuna ranar sarai. Wani ɗan siyasa ne a lokacin yake cewa wai akwai 'yan gari akwai 'yan zuwa, shi kuma Datti ya ɗauki maganar kamar yadda ya saba. Ga shi nan a bidiyon, da gemunsa da hularsa, yana cewa: "Garin nan yana da masu shi. Wanda kakansa ya zo da ƙunshin kaya a ka, ya ci arzikinmu, yau kuma zai zaɓa mana shugaba? A nuna masa hanyar da kakansa ya biyo." Ya faɗe ta da daɗi, Allah ya sani, fiye da mai ita. Hannunsa ya fara ɗagowa, sai bidiyon ya yanke. A sama an rubuta: Wasiyyar Marigayi Datti Ubale.

Surayya ta nemi cikakken shirin ko'ina. Gidan talabijin ɗin suka ce tsofaffin kaset ɗin danshi ya cinye su tuni. Yahuza ya rasu. Wanda ya yanka bidiyon shi kaɗai ke da sauran, shi kuwa ba zai fitar ba. Rabin maganar nan na biyu ba ya ko'ina a duniya sai a cikin kan tsohon da ke Danau Kota.

"Baba, please lah," in ji Surayya, don ta daɗe a ƙasar har bakinta ya juya. "Video ɗaya kawai. Ka zauna, ka faɗi sauran, shi ke nan."

Ya danna na'urar a wuya. "Gobe," ya ce da muryar gwangwani.

Goben ta yi ta zuwa tana wucewa. Asabar ta zo, ya tarar da Hajiya Umma zaune ba ta ko kunna fankar shagon ba. Ta auna masa kuka ba ta ce komai ba, abin da bai taɓa gani ba. Sai da ya juya zai tafi ta yi magana.

"Baba, ka ga abin da mutumin nan ya bar mana? Samari sun je gidanmu, gidan da kakana ya gina, suna kunna wa ƙanina Maitama muryarsa a ƙofar gida. Sun shafa jan fenti a bango. Yaran da muka goya fa! Suna cewa ai ko Malam Datti ya faɗa kafin ya mutu." Ta share ido da gefen mayafi. "Ashe munafuki nake yi wa sadaka duk shekarun nan."

Hannunsa ya shiga aljihu ya taɓa na'urar. Ya ji sanyinta. Ya dubi matar, ya tuna yadda take faɗin sunansa a da, ya ga in ya danna abin nan yanzu da wace fuska za ta dube shi. Ya zare hannunsa, ya ɗauki ledarsa, ya sauka.

Cikin makon nan Muhyiddeen, shugaban ƙungiyar ɗaliban unguwar, ya tare shi a ƙofar lif. Tun da bidiyon ya fito sunan marigayi ya sake tashi, sai ƙungiya ta ga ya dace a yi masa addu'a ranar Lahadi bayan la'asar, a ɗakin taron da ke ƙasan bene.

"Baba, ka zo ka sa mana albarka. Ba mu da dattawa da yawa a nan. Akwai makan kuma, abinci ke nan, har da tuwo."

Ya so ya ƙi. Amma a faɗi gaskiya, wane ne za a gayyata addu'arsa ya iya zama a ɗaki?

An shimfiɗa tabarmi, maza a gaba, mata a baya. An buga hotonsa babba an jingine a bango, yana murmushin nan nasa na wanda ya riga kowa sanin ƙarshen zance. Saboda tsufa aka ba shi kujera da ɗan teburin roba a gefe, daidai ƙarƙashin hoton, ba wanda ya ga komai. Hajiya Umma na can baya kusa da kulolin abinci. Ita aka ba aikin girkin tun kafin a taɓa gidansu, ba ta kuma saɓa alkawari.

Malam Abdulnasir, wani mai karatun digiri na uku da ke jan su salla, ya yi karatu, ya yi addu'a. Datti ya ɗaga hannu tare da kowa, yana jin ana roƙa masa hasken kabari. Daga ƙarshe malamin ya faɗi abin da aka saba faɗa.

"Jama'a, marigayi ɗan Adam ne. Duk wanda ya san ya saɓa masa, don Allah ya yafe masa."

Aka amsa da guna-guni, an yafe, an yafe.

"Ni ban yafe ba."

Daga bayan ɗakin maganar ta fito, ba da ihu ba. Kowa ya juya. Hajiya Umma na tsaye da ludayi a hannu.

"Hajiya, haba, please," in ji Muhyiddeen. "Ba a nan ba."

"A nan aka tambaya, a nan na amsa. Ban yafe ba, har gaban Allah."

Wani saurayi daga cikin masu zafin kai ya miƙe ya ce ai Malam gaskiya ya faɗa, wanda bai ji ba ya ji. Kafin a hana shi ya kunna bidiyon ya ƙure ƙara. Muryar ta cika ɗakin, ta daki bango ta dawo. Garin nan yana da masu shi. Datti na zaune ƙarƙashin hotonsa, leɓunansa na bin ta kalma-kalma. A nuna masa hanyar da kakansa ya biyo. Hannun cikin wayar ya fara ɗagowa, ya yanke.

Ƙwas. Ƙwas.

Bai yanke shawara ba. Hannun ne ya ƙarasa abin da ya fara tun shekarun baya, ya sauka a kan teburin roba. Waɗanda suka girma da shirin suka ji abin har cikin ƙashinsu. Tsohon ya miƙe, ya zaro na'urar, ya danna ta a ƙarƙashin haɓa.

"Ku tsaya," in ji muryar gwangwani. "Ban gama ba."

Wani ya fara dariya ya haɗiye ta. Wata yarinya ta yi a'uziyya ta nufi ƙofa da gudu. Shi kuwa ya ci gaba, a hankali, ba hawa ba sauka, don na'urar ba ta san fushi ba, ba ta san lallashi ba.

"Kun ji daɗin maganar nan, ko? To, duk wanda ya ji daɗinta ya je gida ya tambayi tsohuwar gidansu daga ina kakansa ya zo. In ta ce daga ƙasa ya tsiro, ya dawo ya ba ni labari. Garin nan kowa da ƙunshin kaya ya shigo shi, wani da safe, wani da yamma. Wanda ya haƙa rijiya muka sha, ya binne iyayensa a maƙabartarmu, in ka nuna masa hanya, ina za ka kai kaburburan? Mai faɗin maganar nan ba garin yake so ba. Ƙuri'a yake so, da gidan maƙwabcinka zai biya ka."

Bai tsallake kalma ɗaya ba. Da ya gama, wayoyi na sama ana ɗaukarsa, Malam Abdulnasir na ta salati yana duban hoton yana duban tsohon. Hajiya Umma ta ajiye ludayin, ta ratso tsakiyar maza ba ta nemi hanya ba, ta tsaya a gabansa. Ta dubi zoben da zaren da aka naɗa masa. Ta daɗe tana dubansa.

"Kai ne?"

Ya gyaɗa kai.

"Duk Asabar ɗin nan da nake ce maka ina yi maka sadaka, kana kallona?"

Ya gyaɗa kai.

"Ranar da na gaya maka an shafa mana fenti, abin nan yana aljihunka?"

Ya ɗaga na'urar zai ba da amsa. Mutumin da bai taɓa rasa abin cewa ba a gaban gwamna ko minista ya danna maɓallin, leɓunansa suka ƙi motsi. Ƙugi kawai ya fito, dogo, har ya saki.

"Da mamaci ne," in ji ta, "da wata rana na huce na yafe masa, don ba shi da yadda zai yi. Kai kuwa kana da yadda za ka yi. Jiya Maitama ya kwashe iyalinsa. Suna Bida, garin da ko hanyar kasuwarsa bai sani ba."

Ta ciro wayarta daga jaka ta kira ƙanin nata, ta juya masa fuskar wayar. Can gida hantsi ne. Wani mutum mai furfura ya bayyana, zaune a kan buhun kaya a wani ɗaki da ba labule, yara na leƙowa ta bayansa. Datti ya kai hannu ya warware ƙyallen wuyansa, ya ajiye a kan tebur, a gaban kowa.

Maitama ya matso da fuskarsa, ya ƙanƙance ido.

"Yaya," ya ce, "wane ne wannan tsohon?"

Datti Ubale ya danna na'urar a wuyansa, ya yi masa sallama.